Ishaya Yamusa na Sheda, Kafintan da Ya Ajiye Guduma a Ingila

Haihuwa da asali

An haifi Ishaya Yamusa a shekarar 1927 a ƙauyen Sheda da ke kusa da Kwali, cikin ƙasar Abuja ta wancan zamani, tun garin da yanzu ake kira Suleja yana riƙe da wannan suna. Mahaifinsa Yamusa manomin doya ne daga ƙabilar Gbagyi, mai bin addinin gargajiya, mahaifiyarsa Kande kuwa ginin tukwane ne sana'arta. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai aka sa a boko, saboda ƙafarsa ta hagu ta ɗan shanye tun yana ƙarami, har mahaifinsa ya yanke hukuncin cewa ba zai amfani gona ba.

Karatu da koyon sana'a

A shekarar 1936 aka kai shi makarantar mishan ta Diko, inda ya koyi karatu da rubutun Hausa, da lissafi, da Turanci gwargwadon hali. A nan aka yi masa baftisma a 1941, ya ɗauki sunan Ishaya. Shekarar da ta biyo baya ya tafi Minna wajen wani kafinta Bayarabe, Oga Abraham, ya yi shekara shida a hannunsa. An ruwaito cewa sai da ya shekara cur yana wasa zarto da miƙar da tsofaffin ƙusoshi kafin a ba shi izinin yanka katako ko ɗaya.

Aiki da kafa reshen ƙungiya

A 1950 ya sami aiki da wani kamfanin gine-gine na Turawa mai aikin gadoji da kwalbatoci a kan hanyar Abuja zuwa Keffi. A watan Yuni na 1953 wani lebura ya faɗo daga kan gada ya karye a ƙugu, kamfanin ya sallame shi a ranar ba tare da ko kai shi asibiti ba. Wannan al'amari shi ne musabbabin kafa reshen ƙungiyar ƙwadago a wurin. Ma'aikata suka zaɓi Malam Dallatu, wani birkila dattijo mutumin Abuja, ya zama shugaba, aka naɗa Ishaya sakatare saboda iya rubutunsa. Da yake reshen ba shi da halin buga katin shaidar zama ɗan ƙungiya, Ishaya da kansa ya yanka kwalaye ya rubuta wa mutum tamanin da uku katinsu da alƙalami, nasa ne mai lamba biyu.

Aure da iyali

Ya auri Hannah, 'yar wani mai bishara na Kwali, a watan Disamba na 1951. Allah ya ba su 'ya'ya bakwai, biyu suka rasu suna jarirai. A shekarun farko na aurensu shi ne mai kafa dandamalin wasan kwaikwayon Kirsimeti a majami'arsu, kuma daga wannan aikin ne sha'awar wasa ta shige shi. Hannah ta sha faɗa cewa mijinta bai taɓa kallon wasa ya yi shiru ba, sai ya dawo gida da hukunci a kan kowa, har da jakin da aka aro.

Tafiya Ingila

A watan Satumba na 1958 kamfanin ya tura shi Ingila kwas na wata tara, da alkawarin cewa idan ya dawo da takardar shaida za a naɗa shi shugaban kafintoci, muƙamin da ba a taɓa ba ɗan ƙasa ba a kamfanin. Wasu na ganin an yi haka ne don a raba shi da ƙungiya, kuma Malam Dallatu ya gaya masa hakan ƙarara ranar da suka yi sallama a tashar mota. Ya hau jirgin ruwa daga Ikko. Da ya isa aka haɗa shi da ma'aikatar katako ta wani babban gidan wasan kwaikwayo a wani birni na bakin teku, inda kafintoci goma sha huɗu ke ƙera bangaye da matakala da duk abin da ake jerawa a kan dandamali.

Ba a karɓe shi hannu bibbiyu ba. Kafintocin sun ƙi ba shi katin ƙungiyarsu bisa hujjar cewa shi baƙo ne mai wucewa, wasunsu kuma ba sa zama benci ɗaya da shi lokacin shan shayi. Babbansu ne kaɗai, wani dattijo mai suna James, ya duba yadda yake haɗa katako ba tare da ƙusa ba, ya ba shi gurbi kusa da nasa teburin.

Ra'ayinsa game da wasan kwaikwayo da rawar bale

Wasiƙu goma sha tara da ya rubuto wa Hannah suna nan a hannun iyalinsa, kuma fiye da rabinsu a kan abin da ya gani ne a dandamali. Wasan kwaikwayon Turawa bai burge shi ba. Ya rubuta cewa ya kalli wani wasa na awa uku wanda aka yi shi duka a falo ɗaya, mutane shida suna zaune suna gardama a kan gadon wata gwaggo, ba wanda ya ɗaga ko bokiti. Mutum ɗaya da ya ga yana aiki shi ne mai hidimar gidan, shi kuwa sau huɗu ya shigo, ya faɗi sunan baƙo ya fita. A ganinsa da marubucin ya bi wannan mutum zuwa kicin, da ya samo wasa.

Rawar bale kuwa, wadda mata ke yi a kan tsinin yatsun ƙafa, da fari kunya ta ba shi saboda ƙarancin suturar masu yin ta. Ya shaida wa Hannah cewa ran da ya fara ganin suna gwaji da safe, sunkuyar da kai ya yi, kuma da yake shi kafinta ne sai idonsa ya tsaya a kan daɓen katako. Ta haka ya ga ƙafafu. Ya ga yatsu naɗe da tsumma, wasu da jini, ya ga mace ɗaya ta maimaita tsalle guda sau talatin da ɗaya kafin mai koyarwa ya gyaɗa kai. Ga abin da ya rubuta, da Hausarsa ta mutanen Sheda wadda ba ta cika bambanta namiji da mace ba: "Maman Enoch, wannan yarinya lebura ne kamar mu. Bambancin kawai, shi an hana shi nuna ya gaji."

Daga nan ya zama mai kare rawar a duk inda aka kushe ta, ko da yake yana da nasa ƙorafin. Labaran da ake ginawa a kanta, na 'ya'yan sarakuna da aljanun daji, ya ce ba su kai tatsuniyar kakarsa ma'ana ba. Kiɗan ma sai da ya yi wata uku kafin kunnensa ya gano inda ake sa ƙafa. Amma ya ce shi da bai taɓa gudu ba tun haihuwarsa, duk sanda namijin da ke rawa tare da matan ya tashi sama ya ɗan daɗe kafin ya sauko, yakan ji abin a ƙafarsa ta hagu.

Yajin aikin Fabrairu 1959

A farkon watan Fabrairu hukumar gidan wasan ta umarci a ƙera wani dogon dandamali mai tsayin ƙafa tara, wanda mata goma sha biyu za su yi rawa a kansa. James ya duba katakon da aka kawo ya ce ɗanye ne, ba zai ɗauki nauyin tsalle ba, kuma ba zai sa hannu a takardar amincewa ba. Aka kore shi. Kashegari kafintoci da masu jan labule da masu fitila suka fita yajin aiki, suka yi layi a bakin ƙofar ma'aikata.

Saura kwana goma sha biyu a buɗe wasan. Manajan gidan wasan ya kira Ishaya ofis ya tuna masa cewa shi ba ɗan ƙungiyarsu ba ne, kuma mutanen da ke waje su ne suka hana shi kati da wurin zama. Ya ce idan ya kammala dandamalin tare da wasu mutum biyu da za a ɗauko, za a ba shi takardar shaidarsa a makon, da wasiƙar yabo zuwa ga kamfaninsa. Idan kuwa ya ƙi, za a rubuta cewa ya bijire wa horo.

Ishaya ya nemi a ba shi zuwa azahar. Ya koma ma'aikatar da ba kowa, ya tsaga guda daga cikin katakon ya shinshina, ya tabbatar da maganar James. A wasiƙarsa ta wannan mako ya amsa cewa ya daɗe a zaune yana tunanin mahaifinsa, wanda ya riga ya shaida wa duk Sheda cewa ɗansa gurgu zai dawo ogan Turawa. Sa'an nan ya goge kayan aikinsa, ya ajiye gudumarsa a kan tebur, ya fita ta ƙofar da ake layin.

Ɗaya daga cikin waɗanda ba sa zama da shi ya tare shi ya tambaye shi me ya kawo shi, tunda ba shi da kati. Ishaya ya zaro kwalinsa na Abuja mai lamba biyu ya miƙa masa, ya ce: "Ina da kati. Ba ku kuka ba ni ba, kuma ba don kun so ni na fito ba. Katakon ɗanye ne."

Kwana goma sha ɗaya ya yi a layin cikin tsananin sanyi, da kwat ɗin aro. A rana ta tara wata mai rawa, Margaret, wadda ita ce ya kamata ta fara hawa dandamalin, ta ji labarin cewa har baƙon da aka yi wa tayi ya ƙi aikin. Ta tara 'yan'uwanta suka sanar da hukuma cewa ba mai taka wannan katako. Bayan kwana biyu aka mayar da James bakin aikinsa, aka sake katako. Shi kuwa Ishaya, da yake yarjejeniyar sulhun ba ta shafi wanda ba ɗan ƙungiya ba, aka soke kwas ɗinsa saura wata uku. Reshen kafintocin ya yi taro ya ba shi kati, ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, amma hakan bai sauya hukuncin ba. Kafin jirginsa ya tashi suka saya masa kujera a sahun gaba a wasan rana, kuma wannan shi ne karo ɗaya tak da ya kalli bale daga inda 'yan kallo ke zama. Ya ce daga gefen dandamali ta fi kyau, domin daga can ana jin numfashinsu.

Dawowa gida

Ya iso Abuja a watan Afrilu na 1959 ba takarda. Mahaifinsa ya yi wata biyar bai yi masa magana ba. Hannah kuwa tambaya ɗaya ta yi masa, ko da gaske katakon ɗanye ne, da ya ce i, ta ce to ai shi ke nan, ta ɗora masa ruwan wanka. Ba a ƙara yi masa zancen muƙami ba. Ya ci gaba da zama kafinta har shekara goma sha uku, kuma mutum huɗu daga cikin waɗanda ya koya wa aiki sun zama shugabanninsa.

A lokacin babban yajin aikin ƙasa na watan Yuni 1964, bayan mako guda, ma'aikatan reshen sun fara karaya, wasu na shirin komawa. Sai ga wayar tangarahu daga Ingila ɗauke da sa hannun James a madadin kafintoci da masu rawa na gidan wasan, tana cewa suna tare da 'yan'uwansu na Abuja, kuma ba su manta ba. Malam Dallatu ya sa aka fassara ta a gaban taro a gindin wata ɗorawa, sa'an nan ya ce: "Jama'a, Sakatare ya yi shuka a ƙasar da ba a san doya ba, ga shi ta fito." Ba wanda ya koma aiki sai ranar da aka janye yajin.

Shekarun ƙarshe

Ya ajiye aiki a 1972 saboda ciwon ƙirji, ya koma Sheda ya buɗe ƙaramin shago. Bai daina faɗin ra'ayinsa ba. Ya yi jayayya da wani fasto da ya so hana rawar Gbagyi a bikin girbi, ya ce shi ya ga masu rawar da ke gudun ƙasa, ya ga masu dukanta da diddige, kuma dukansu da gumi suke yi. Da matasan ƙungiya suka shirya wasan kwaikwayo na Ranar Ma'aikata a 1974, ya ƙera musu dandamali kyauta, amma ya gaya musu cewa abin da suka yi jawabi ne aka raba wa mutum biyar, kuma sun mai da manaja dodo alhali wanda ya sani mutum ne mai fara'a, abin da ya sa ya fi wuyar ƙi.

Rasuwa

Ishaya Yamusa ya rasu ranar Talata, 11 ga Nuwamba 1975, yana da shekara arba'in da takwas. Kafintocin reshen, Musulmi da Kirista, su suka haɗa akwatinsa. An binne shi kashegari a Sheda, a gefen gonar mahaifinsa. Ma'aikata fiye da ɗari biyu suka bar aikin hanya suka zo jana'izar ba tare da neman izini ba. Da kamfanin ya aiko cewa ya ɗauki ranar a matsayin hutun girmamawa, Malam Dallatu, wanda a lokacin ya tsufa har sai an riƙe shi, ya mayar da amsa cewa ba a ba su hutu ba, ajiye aiki suka yi, kuma haka za a rubuta.

Ya rasu ya bar matarsa Hannah da 'ya'ya biyar: Enoch, malamin makaranta a Kwali, Christiana, ungozoma a Abuja, Bulus, direban babbar mota a Minna, Rifkatu, wadda ke aure a Karu, da auta Helen, wadda take aji uku na firamare a shekarar da ya rasu.