Hannuwan Inna Tani

Duk wanda aka haifa a lungunmu na Birni, nan cikin Damagaram, in dai bai tsufa ba, Inna Tani ta ga tsiraicinsa tun bai san kunya ba. Ita ce mai wankan jarirai. Ba wanda ya naɗa ta, hannunta ne ya naɗa kansa. Da an dawo da mai jego daga matarnite, ɗakin haihuwa, sai a aika mata. Ta zo da kujerarta ƴar tsugunno, ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da jariri a kan ƙwabrinta, ta cuɗe shi da sabulun salo, ta juya shi da hannu ɗaya, ta miƙe masa gaɓoɓi tana yi masa tsiya: "Dubi hanci, na kakanka sak, Allah ya kyauta!" Mai jego na dariya tana riƙe ciki.

Daga Guna aka kawo ta gidan marigayi Alkasum baduku, da ɗan maƙoƙo a wuyanta wanda bai fi lemun tsami ba. A ƙauyensu ba a lissafa maƙoƙo cikin cuta, mata da yawa suna da shi, mayafi ya rufe, shi ke nan. Ta yi haihuwa da dama, amma Nafisa kaɗai ta tsaya. Ranar da aka haifi Nafisar kuwa uwar Tani ta riga ta rasu, baƙuwar hannu ce ta yi wa jaririya wankan farko, kuma abin bai taɓa barin zuciyarta ba. Kullum maganarta ita ce wankan farko na kaka ne, sauran kowa ma ya yi. Tun da aka kai Nafisa ɗakin mijinta a Arlit Inna Tani ta sayi sabuwar ƙwaryar wankan jika, ta kife ta a kan kabad, ba mai taɓa ta.

To, maƙoƙon nan bai zauna inda aka san shi ba. Ya yi ta girma har ya fara danne mata numfashi, in ta yi sujada sai ta ɗago tana haki. Aka yi mata aiki aka cire shi. Wuya ya koma sumul, har Husaina maƙwabciyarta tana tsokanarta wai saura a zo neman aure. Sai dai tun tana kwance a likita, asibitin da aka yi aikin, ta fara jin leɓɓanta suna tsatstsafa kamar tururuwa na yawo a kai, yatsu kuma suna sagewa. Aka ba ta wasu fararen ƙwayoyi manya, aka yi mata bayani, rabi da Faransanci. Ta sha, ta ji daɗi, ƙwayoyi suka ƙare. A wurin Inna Tani magani abu ne da ake sha a warke a tashi. Wane ne zai zauna yana haɗiyar ƙwaya alhali yana tafiya da ƙafarsa? Ta koma wa abin da ta sani, kunun kanwa. Ita fa ba cutar da kanwa ba ta yi mata magani: ciwon ciki kanwa, ciwon baya kanwa, in jijiya ta ɗaure kanwa ce mai sake ta. Da yatsu sun motsa sai ta ƙara jiƙa kanwa ungurnu ta shanye.

Ranar da abin ya faru jikan Husaina take wa wanka. Ta cuɗe shi da sabulu, ta ɗaga shi za ta juya, sai hannun ya ƙage. Yatsun suka haɗe wuri ɗaya suka sandare, babban yatsa ya shige tafin hannu, wuyan hannun ya lanƙwashe. Yaro ya sulluɓe ya faɗa cikin bahon ruwa. Uwarsa ta yi ƙara ta fizge shi. Bai ji ciwo ba, ruwa kawai ya shaƙa, ya yi kuka ya yi shiru. Inna Tani kuwa tana zaune tana kallon hannuwanta kamar na wani ne aka ba ta ajiya.

Wallahi ba wanda ya faɗa mata baƙar magana. Mutanen lungunmu sun fi haka wayo, kuma wayon nasu ya fi zagi ciwo. Daina aikowa kawai aka yi. A haihu, a yi suna, a kawo mata goro da waina da girmamawa, amma jariri yana can ƙurya a bayan wata. Wasu suka ce iska ce ta shafe ta a likita. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, hannu ya ci gaba da ƙagewa lokacin da ya ga dama. In ta ji kukan sabon jariri ta bayan katanga sai ta bar abin da take yi ta saurara, tana gane wa kanta cewa ruwan ya yi zafi, ko mai wankan ta riƙe shi ba daidai ba. Kewa ta ci ta, ta rame. Ƙamshin jariri da man kaɗe take so ta ji a tafin hannunta, ba komai ba.

Ana haka Nafisa ta kira a waya, tana ta kewaye-kewaye irin na mai kunya, har dai ta ce bayan damina za ta zo goyon ciki. Inna Tani ta yi guɗa ita kaɗai a tsakar gida. Da ta shiga ɗaki ta ga ƙwaryar nan a kife, sai guɗar ta koma mata ciki. Washegari ta hau kabu-kabu, abin da ta rantse ba za ta taɓa yi ba, ta tafi likita.

Wata lokotoro ce ta gan ta, mace, Maryama sunanta. Ta ɗaura mata abin awon jini a dantse ta hura, ba a jima ba hannu ya ƙage a gabanta. Ta sa aka ɗibi jini, da sakamako ya fito ta ja kujera kusa.

"Inna, ba iska ba ce," in ji ta. "A bayan maƙoƙon nan akwai wasu ƴan ƙulli guda huɗu, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba. Maƙoƙo in ya yi girma yakan lulluɓe su, wurin cire shi sai su tafi tare ko su mutu. Aikinsu tsaron wani sinadari ne a cikin jini, kalsiyom, wanda jijiya da tsoka ba sa zama lafiya sai da shi."

"To ina yake, wannan kalsiyom ɗin?"

"A ƙashinki, cike. Kamar rumbu ne. In na cikin jini ya ragu, ƴan ƙullin nan su ke aika saƙo: ƙashi ya ɗebo, ƙoda ta daina zubarwa a fitsari, hanji ya ƙara tsotsa daga abinci. In ya isa su yi shiru. Ke yanzu rumbun yana nan, mai ɗebowa ne babu. Shi ya sa za ki riƙa sa shi ta baki, da wata ƙaramar ƙwaya mai taimakon hanji."

"Har yaushe, ƴar nan?"

"Har ƙarshen rai, Inna. Me kike sha in hannun ya motsa?"

Inna Tani ta gyara zama, an zo inda ta iya. "Kanwa mana."

Lokotoro ta riƙe baki. Ta ce kanwa tana kashe tsamin cikin da ke narkar da ƙwayar, sannan in ta yi yawa tana sa ɗan kalsiyom ɗin da ya rage a jini ya ɗaure, jiki ya kasa amfani da shi. Ta ce ko numfashi da sauri, irin na tsoro ko zumuɗi, yakan yi hakan. In ta ji leɓe ya fara tsatstsafa, gargaɗi ne, ta ajiye duk abin da ke hannunta.

Kai, ranar Inna Tani ta dawo gida ranta a ɓace, kamar an ce mata aminiyarta ce ke cin amanarta. Amma ta bi. Ta kwashe kanwar ta ba Husaina. Ƙwaya da safe, ƙwaya da yamma, nono a fura, tana haɗiya tana mita. Damina ta sauka, gero ya yi kai, hannu bai ƙage ba. Har gwaji take yi a ɓoye: ta jiƙa gora ta shafe shi da sabulu, ta riƙa juya shi a kan ƙwabrinta. Husaina ta leƙo wata rana ta gani, ta koma da baya.

Nafisa ta zo, ta haihu lafiya, mace. Da hantsi aka dawo da su gida. Inna Tani ta dafa ruwa, ta sirka, ta gwada da gwiwar hannu. Ta sauko da ƙwaryar ta wanke mata ƙura. Mata sun cika tsakar gida, kowa ya san labarin jikan Husaina, kowa ya yi kamar ya manta. Nafisa ma ta sani, amma ta miƙo jaririyar da hannu biyu ta ce, "Inna, ga ƙawarki."

Ta karɓe ta. Ɗumin ƴar nan ya ratsa tafin hannunta, ga ƙamshin da ta daɗe tana nema. Ƙirjinta ya shiga bugawa, numfashi yana fita sama-sama. Ta warware zanen, ta kai hannu ga ƙwarya, sai ta ji shi a leɓenta na sama, ɗan tsatstsafin nan, kaɗan ƙwarai. Wataƙila murna ce kawai. Wataƙila in ta daure za a gama lafiya, ba wanda ya gani, ba wanda zai sani. Ta dubi jaririyar, tsirara, ƙafafu kamar tsinke, ta dubi bahon ruwa.

"Nafisa," ta ce, "miƙe ƙafafunki."

"Inna, ni? Ban iya ba."

"Miƙe na ce. Uwar wa aka haifa da iyawa?"

Ta ɗora jaririyar a kan ƙwabrin ƴarta, ta ja kujerarta baya kaɗan. Daga nan ta yi wankan da baki. Tallafi ƙeya. Ba haka ba, ƙasa. Kar sabulu ya shiga ido. Juya ta, riƙe dantse, riƙe da kyau, ba za ta karye ba. Husaina na zuba ruwa da sabuwar ƙwarya. Jaririya ta tsala kuka, mata suka yi dariya, wata ta ce muryar kakarta ce.

Har aka gama, aka shafe ta da man kaɗe, aka naɗe ta, hannuwan Inna Tani suna kan cinyarta a buɗe. Ba su ƙage ba. Tsatstsafin ma ya wuce tun ba a kai ga juya yarinyar ba. Ta motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, duk suna jin magana, a bushe, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba.

Nafisa ta ce a hankali, "Gobe ke za ki yi, Inna."

"Gobe na yi," in ji ta. "Amma na farkon ya wuce."

Ta tashi ta ɗauki bahon za ta zubar. Da ta kai bayan ɗaki inda ba mai ganinta, ta durƙusa ta tsoma hannuwanta biyu cikin ruwan wankan, yana da sauran ɗumi, ta bar su a ciki har ya huce.