Kwalin Sukarin da Na Aika Tanda

Ni ne na yi laifi, kuma ba ni da wanda zan jingina wa shi. Na so in manta da wannan abu, ya ƙi mantuwa. Duk shekara in azumi ya kama, na ga ana ɗaukar kwalayen sukari zuwa gidajen iyaye da surukai, sai ya dawo mini sabo.

Zamanin mulkin soja ne. Ina da ɗan shago a Gaya, ina ƙetare gadar kan iyaka zuwa Malanbil in yi sari a wani babban magaza inda ba a sayar da ɗai-ɗai, sai kwali ko buhu. A ƙuryar magazan suke tara kayan da suka ji jiki a hanyar Kwatano: gwangwanin tumatir da ya lotsa, madarar da takardarta ta yage, taliyar da ta kakkarye, sardin mai ɗan tsatsa a baki. Nan ne wurina. Fuska ce kawai ta lalace, cikin lafiya lau, kuma ga araha. Madarar nan na fi so, mai kauri, wadda cokali ke tsayawa a cikinta. Mai magazan, wani dattijo ɗan Dandi, har suna ya sa mini, sarkin ƙurya, ni kuwa ina jin daɗin sunan.

Ana gab da azumi na tarar da kwalin sukari a ƙuryar, sabo fil, ko tabo babu. Na ɗora hannu a kai, sai dattijon ya ce, “Wannan ba naka ba ne, sarkin ƙurya. Gazuwal, man dizal, ya zube masa a cikin kamyon da ya ɗauko shi. Kwali kawai muka canza masa don kada ya watse.”

Na ce, “Alhaji, sukari ai sukari ne.”

“To, ka dai ji da kunnenka.”

Na ɗauke shi kusan kyauta, na haɗa da wani kwalin mai kyau. Mutum biyu nake so in kai wa sukari a shekarar. Ɗaya wani soja ne mai galo, wato igiyar muƙami a kafaɗa, da ke duba kaya a bakin gada. Ɗayan Kawu ne, ƙanen mahaifiyata, manomin shinkafa a Tanda, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Na ce a raina, soja in ya ji wari, kayana za su yini a rana. Kawu kuwa mutumin ƙauye ne, a kunun tsamiya zai zuba, ba zai ma gane ba. Yau ina rubuta wannan ina jin kunyar hannuna, amma haka na yi tunani, kuma haka na raba.

Abin da na manta shi ne, a wurinmu sukarin azumi ba ya kwana inda aka kai shi. Ɗan Kawu, taubashina, an yi masa baiko a shekarar, wannan ne sukarinsa na farko zuwa gidan surukai, ga shi shinkafa ba ta yi ba. Da Kawu ya ga kwalin nan mai ƙyalli, bai buɗe ba. Ya ce ya fi ƙarfin bakinsu, a kai wa iyayen yarinya.

Ban san da wannan ba sai da taubashin nawa ya zo shago. Kullum tun daga nesa yake fara kirana ɓarawon birni, ni kuma in ce bawana ya iso. Ran nan sallama kawai ya yi ya zauna.

Na ce, “Yau azumin ya cinye bakin ne?”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “An buɗe sukarinka a gaban gwaggonnin yarinyar. Wari ya cika gidan. Sun maido shi a amalanke, sun ce in mun fasa, mu faɗa da baki, ba sai mun aiko da zagi a kwali ba.”

Ya ci gaba, “Baba ya je ya tuɓe hula a zaurensu, ya ce shi ya ajiye shi kusa da tulun kananzir. Ni kuwa na san a kan gadonsa kwalin ya kwana. Har yanzu ba su ba da amsa ba.” Sannan ya dube ni. “Ka sani, ko ba ka sani ba?”

Na ce ban sani ba. Ya ce, “To,” ya tashi ya tafi. Wannan ƙaryar ta fi sukarin wari.

Sai da azumi ya yi nisa na iya sayen kwali mai kyau na shiga mota zuwa Tanda. Na isa daf da shan ruwa. Kawu ya tarbe ni kamar yadda ya saba, ya tambayi iyali da kasuwa, bai tada zancen sukarin ba. A tsakar gida na hango tabarma da fararen ƙwayoyin sukari an shanya, kaji ma sun kauce mata. Da aka kira salla aka kawo kunu, kowa nasa ba zaƙi, sai Kawu ya jefa ƙwaya biyu a nasa ya motsa. Daga inda nake zaune na ji warin gazuwal.

Na ce, “Kawu, wannan ai ba ya shawuwa.”

Ya ce, “Ɗana ne ya aiko mini. In rana ta buge shi yana raguwa.”

Na karɓi ludayin na kurɓa. Ya ƙone mini maƙogwaro har cikin hanci. Abin da yake buɗa baki da shi ke nan tun da aka maido kwalin, kuma ya hana kowa taɓawa sai shi.

Washegari na ɗora sabon kwalin a kaina, ban bari kowa ya taya ni ba, na roƙi Kawu da taubashina su raka ni gidan surukan. Auren ya yiwu daga baya, 'ya'yansu yau sun girma. Ni kuwa abin da na koya shi ne, mai kyau na kai wa wanda nake tsoro, marar kyau na kai wa wanda na tabbata zai yafe mini, kuma babu rainin da ya kai wannan. A ranar, a zauren surukan, gaban dattawan gidan, na durƙusa na fuskanci Kawu na ce:

“Ba kananzir ɗinka ba ne, Kawu. Na san da warin tun a magaza, an faɗa mini, na aiko maka don na raina ka. Ɗanka ya tambaye ni na yi masa ƙarya. Hular da ka tuɓe a nan, tawa ce ya kamata a tuɓe. Ka yafe mini don Allah.”