Takardun da Na Binne a Awali

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mijina, Malam Hamza, kuma har yau idan na tuna abin da na yi da hannuna sai na yi kuka. Ban iya rubutu ba. 'Yata Saudatu ce ke rubuta wannan, ina faɗa mata.

Mu Hausawa ne mazauna Madina. Malam direban motar alhazai ne daga miƙatin Bi'ir Ali zuwa Makka, amma karatu ya fi so. A wani littafin Larabci da ya aro ya ga labarin wata sarauniyar mutanen Nahuwa, can ƙasar Meziko. Bayan la'asar yakan zauna a gidanmu na unguwar Aziziyya yana mayar da labarin Hausa da ajami saboda jikokinmu, yana karanta mini. Birnin sarauniyar a tsakiyar tafki yake. Turawan Sifaniya suka ci birnin, suka kashe sarki mijinta, suka sauya mata suna da addini. 'Ya'yan da ta haifa daga baya suka tashi da harshen baƙi.

Wata rana na ce, "Malam, duk matan Madina ba su ishe ka ba, sai bazawarar Meziko?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, 'yar'uwarki ce. Ke ma ina garinku yanzu?"

Da na fita takaba na tarar da tsofaffin takardu cike da akwatinsa. Mu an raine mu a kan cewa ba a yar da takarda mai harafin Larabci. Na ɗauka addu'o'i ne suka tsufa, na naɗe su a farin ƙyalle, na sa aka binne a wata gonar dabino a unguwar Awali. Sai bayan shekara biyu Saudatu ta tambaye ni rubutun babanta na labarin sarauniyar, a nan na gane shi na binne. Muka tona, ruwan gona ya riga ya cinye tawadar. Littafin aron ma ba wanda ya san sunansa.

Da Malam zai ga jikokinsa yau, ana yi musu Hausa suna amsawa da Larabci, na san ba zai zarge ni ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Abin da ya rage shi ne wanda kunnena ya riƙe. Ina ba jikokin labarin har inda Malam ya karanta mini, domin ƙarshen yana jinya ya rubuta shi, ban taɓa ji ba. Idan suka kira ni kaka da Larabci suka ce, "Jadda, sai me ya faru da ita?" sai in ce ban sani ba, ku ɗaga hannu mu yi wa kakanku addu'a.