Gidan Zanzaro a Salansar Inji

A gidanmu na Aliero, warin fetur ne ke fara sanar da ni damina ta kusa. Da zarar an kwashe albasa an fara zuba ta a rudu, rumbun karan da muke adana ta, sai maigidana ya ɗauko injin ban ruwa daga fadama, ya girke shi a tsakar gida bisa tabarma kamar baƙon da ya zo daga nesa. Ranar babu mai aikensa ko'ina. Kwantar da inji yake yi. Haka yake kiran aikin.

Ya sayi injin ne a shekarun da aka yanke mana Jihar Kebbi daga Sakkwato, lokacin da masu ban ruwa da jigo suka fara raguwa a fadama. Irin wanda fetur daban, baƙin mai daban ne, ba a cakuɗa su. Ni daga Maiyama aka kawo ni, gero da dawa muka sani a gidanmu, don haka abin dariya yake ba ni. Ƙarfe ne fa, amma ana lallaɓa shi kamar mai jego.

Yakan fara da juye fetur ɗin tanki a galan. Sai ya tayar da injin, ya bar shi ya shanye ɗan abin da ya rage a kafireta, har ya yi tari ya mutu da kansa. Ya ce fetur in ya yi watanni a ciki danƙo yake zama, ya toshe ƙananan hanyoyi. Tun injin na da ɗumi yake tsiyaye tsohon baƙin mai ya zuba sabo. Ya kwance notin ƙasan famfo, ruwan da ya kwanta ya fita, don kada tsatsa ta kama. Sannan ya cire fulogi, ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba. Aikina ke nan a ciki: kawo cokalin shayi. Ya ɗiga mai a ramin fulogin, ya ja igiya a hankali, ya mayar da fulogi, ya sake ja har ya ji ta yi tauri, ya saki. Na ƙarshe shi ne tsumma. Yakan cusa shi a bakin salansa, bututun fitar hayaƙi, don kada ƙwari su shiga. Daga nan sai a ɗora injin bisa katako a ɗakina, domin ɗakina ne kaɗai mai rufin kwanon da ba ya yoyo.

"'Yar Maiyama, ga amana nan," haka yake cewa duk shekara.

"In ya yi kuka in goya shi?"

"In bayanki zai ɗauka, bisimilla."

Muna wannan wasan, amma a lokacin ba mu da ɗa. Na sha samun ciki yana zubewa. Ba ma yawan maganar, ni da shi. Inna, mahaifiyarsa, da ke zaune tare da mu, ita ma ba ta taɓa gaya mini maganar da za ta sosa mini rai ba. Addu'a kawai take yi, da jiƙe-jiƙe masu ɗaci da take kawo mini a ƙoƙo.

A shekarar da nake son ba da labari, yana cikin kwantar da injin sai hadari ya taso ba zato, ga albasa shanye a ƙasa ana tsince ruɓaɓɓu. Albasa kuwa in ruwa ya dake ta, an gama. Kowa ya bazama da kwando. Da ƙyar aka tura injin ɗakina ana haki. Har ya bar duniya yana cewa ya cusa tsumman nan, akuyar Inna ce ta zare ta cinye. Inna kuma ta ce akuyarta ba ta cin ƙazanta, mantuwa ce irin tasa tun yana yaro. Ba a taɓa raba wannan gardamar ba.

Cikin daminar na sake samun ciki. Na yi shiru da bakina, sai shi da Inna suka sani. Ina yawan kwanciya da rana, kuma ina ganin zanzaro yana shigowa ta taga da ɗan laka a baki, ya nufi kusurwar da injin yake, ya fita, ya dawo. Ban kawo komai a raina ba. Yana ɗebe mini kewa ma.

Da ruwa ya ɗauke, irin albasa ya isa dashe, maigida ya fito da injin tsakar gida yana 'yar waƙarsa. Ya zuba fetur, ya ja igiya. Injin ya yi kamar zai tashi, ya shaƙe. Ya sake ja, haka. Ya duƙa ya leƙa bakin salansa, sai ya kwashe da dariya. Zanzaro ya gina gidansa a ciki, ɗaki bisa ɗaki, ya toshe ramin tsaf.

"Ba ni waya in zungure shi," ya ce da ni.

Inna tana bakin murhu tana tsince wake. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mi za ka zungura?"

"Gidan zanzaro, Inna. Shi ya hana hayaƙi fita."

"A ɗakin wa anka gina shi?"

Ya juyo ya dube ta. Ni ma a lokacin na gane inda ta dosa. Tsofaffin mata a wurinmu suna cewa in zanzaro ya yi gini a ɗakin mai ciki, ba a fasawa sai ta sauka lafiya. In aka fasa, abin da ke cikinta ake taɓawa.

"Inna, wannan camfi ne. Rai na hannun Allah."

"Ni ma na san da haka, tun ba a haife ka ba. Amma kul ka taɓa gidan ga."

"To iri fa? In bai sha ruwa ba cikin kwanakin nan, mun rasa shekara."

"Ubanka da jigo ya ciyar da kai."

"Ubana gonarsa ba ta kai rabin wannan ba."

Gaskiyarsa ne. Mutum ne mai karatu gwargwado, ba ya yarda da irin waɗannan maganganu, kuma ni ma da wani ya tambaye ni, cewa zan yi ban yarda ba. Na kawo masa wayar. Ya karɓa, ya lanƙwasa bakinta, ya durƙusa. Sai ya ɗago ya dube ni. Daga baya ne ya gaya mini hannuna na kan cikina, ni ban ma sani ba.

Ya ajiye wayar, ya ce, "Miƙo mini sifana."

Ya kwance salansar gaba ɗaya, a hankali, yadda ko ɓarɓashin laka bai faɗo ba. Ya ɗaure ta da igiyar rama, ya rataye ta a bangon ɗakina kusa da taga.

"Shi ke nan, Inna? Ga maƙwabcinku nan, ban taɓa shi ba."

"Allah shi yi maka albarka," in ji Inna, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Washegari ya ɗaure injin a bayan keke ya tafi Jega neman wata salansar. Bai samu irin tasa ba, aka ce sai an kawo daga nesa. Makanikin da ya ji dalili ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya haɗa masa wani guntun bututu don wutar da ke fita kada ta ƙona tiyo. Ya ce masa inji zai yi aiki, amma kunne ba zai gode ba.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Daga tsakar gida nake sanin ya isa fadama. Maƙwabtan gona suka sa masa suna mai jirgi. In ya nufo sai su ce, "A ba da hanya, jirgin Makka zai tashi." Wani Bafulatani da ke biyowa da shanunsa ta gefen gonar ya same shi ya ce nonon shanunsa ya ragu don firgita, ko dai a kashe abin nan ko a riƙa ba shi albasar haƙuri. Maigida ya cika masa hula da albasa. Daga nan suka ƙulla abota, har yana aiko mini da man shanu ta hannun matarsa.

Auduga yake cusawa a kunne, duk da haka in ya dawo da yamma sai ya riƙa magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a ƙetaren gulbi. "Sannu da gida" ma sai kaji sun watse. Inna ta ce masa, "Ba kurame muke ba." Ya ce, "Na'am?" Ni kuwa ina kwance ina dariya a hankali, don ina tsoron yin ta da ƙarfi. Duk safiya idona na kan bangon nan. Ban taɓa gaya masa ba, amma in na ga ginin yana nan daram, sai in ji na iya tashi in ɗora tukunya.

Haka aka yi ranin nan gaba ɗaya. Ana cikin cirar albasa na haihu, mace, lafiyayya, mai kuka kamar ta gaji injin ubanta. Bayan suna ya sauko da salansar ya kai wa Inna, ya ce ita ta hana, ita za ta fasa. 'Ya'yan zanzaron sun daɗe da fita daga gidan, sai 'yan ramuka. Ta ƙwanƙwasa da muciya, lakar ta zube kamar gari. Da ya mayar da salansar ya ja igiya, sai ya tsaya yana kallon injin, ya ce, "Ya ƙi tashi." Injin kuwa yana ta aiki. Kunnensa na hagu bai sake dawowa daidai ba. In zan yi masa magana sai in zagaya ta dama, har abin ya zame mini jiki.

Inna ta riga shi tafiya. Shi ma ya bi ta, bayan 'yar gajeruwar jinya, Allah ya jiƙansu. Gonar tana hannun ƙanensa yanzu, da sabon inji. Tsohon yana nan ɗakina bisa katakonsa. Ba ya zuwa fadama, amma duk farkon damina ina fito da shi, in goge, in ɗiga mai da cokalin nan, in ja igiya har ta yi tauri. Wani lokaci sai in tarar na zagaya ta damansa.

Bana 'yar tawa ta zo goyon ciki, tana kwana a ɗakina. Ta riƙe mini fulogi ina aikin. Da muka gama muka tura injin kusurwarsa, ta ga tsumman a hannuna.

"Inna, ba ki cusa ba."

Na ce mata zan cusa in an jima. Na sa shi ƙarƙashin matashi, na je na buɗe taga.