Ranar da Kimba Ya Yi Arziki

Duk mai cin kasuwar Lolo ya san Kimba ma'auni. Shekara talatin yana zaune gaban buhunan shinkafar mutane, yana auna wa 'yan Bagudo da masu tsallakowa daga Benin, ko ƙwara ɗaya ba tasa ba ce. Amma zo ka ga hula! Kullum a kafe take, rigarsa ɗaya tilo ta sha wanki da bugu har ta gaji. Ko da yunwa aka kwana a gidansa, in ka gaishe shi cewa zai yi, "Sai godiya, asiri rufe."

Allah Ya ba shi 'ya mai kai, Najiba, ta sami gurbin karatun jinya a jami'a. Kuɗin makarantar kuwa, ko an haɗa Kimba da hularsa an sayar ba za su fito ba. Sai aka ce akwai tallafi na 'ya'yan marasa hali: a cika fom, kwamiti ya turo mutum biyu su ga gida da idonsu. Najiba ta rubuta gaskiya: ɗakin laka biyu, akuya ɗaya.

Ana jibi za su zo ta durƙusa gabansa. "Baba, don Allah a bar gidan yadda yake. Rashin suka zo gani."

"Rashin wa?" in ji Kimba. "Mutane su taso tun daga jami'a in aje su bisa tabarmar kaba? Ke ɗiyar ga, boko ya cire miki kunya."

To, al'adar unguwarsu ce, in babban baƙo zai sauka gidan mutum, maƙwabta kan tara masa kaya a fita kunya. Kimba ya bi gida-gida. Ango ya ba da babur. Lauwali ya zo ya ɗaure ragunansa uku a tsakar gida. Rabi ta aiko da kujerun roba da firij, a gidan da ko wayar lantarki ba a taɓa ja ba. Akuyar nan ɗaya, wadda Najiba ke kiwo don kuɗin mota, aka kwantar da ita aka yanka.

Malaman jami'a suka iso, suka ci shinkafa da nama har suna sassauta ɗamara. Ɗaya ya ɗauki hoton babur, ɗaya ya leƙa raguna ya yi rubutu. Ilimi ke nan! Masu digiri bibbiyu, ba wanda ya tambayi inda firij ke samun wuta, ba wanda ya buɗe shi ya ga yanar gizo-gizo. Najiba ta buɗe baki za ta yi magana, uban ya watsa mata harara, ta haɗiye.

Daga nan suka wuce gidan Alhaji Bunyaminu dillalin shanu, wanda shi ma ɗansa ya nemi tallafin. Shi wannan ya san dawan garin. Tun da safe ya sa an kora garkensa hayin iyaka, mota kuma tana gidan surukai. Ya tarbe su da yagaggiyar jamfa da ruwan randa a moɗa, har ɗayansu ya share ƙwalla, wai tausayi.

Da sakamako ya fito, Ma'azu ɗan Alhaji ya sami tallafi. Najiba kuwa aka aiko mata da takarda: ba ta cancanta ba, domin bincike ya tabbatar mahaifinta mai hali ne. Ta yi kuka har muryarta ta dishe. Wa'adin rajista ya zo ya wuce, aka ba wani gurbinta.

Kana zaton Kimba ya yi nadama? Ina! Cewa ya yi a sake karanta masa wurin nan. "Mai hali," ya maimaita, yana shafa gemu. "A rubuce, da hatimin jami'a." Ya bayar aka manna wa takardar leda don kada ruwa ya taɓa ta. Wallahi abin da takaici.

Yanzu Najiba ce ke riƙe masa bakin buhu ranar kasuwa. In masu saye suka taru, sai ya zaro takardar daga aljihu, da yake shi bai iya karatun boko ba, ya miƙa mata.

"Karanta musu, ɗiyata, ke ce mai ilimi."

Ta saki bakin buhun, ta goge hannu a zane, ta karanta musu.