Ɗakin da Uwaisu Ya Gina wa Inno

Duk wanda ya zauna Zangon Agege a zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar goro zuwa Arewa ya san Uwaisu Basakkwace, in bai san sunansa ba ya san rawaninsa. Ni Sa'idu na fi kowa saninsa, don katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma Allah ya jarrabe ni da sauraronsa shekara da shekaru.

Yana saurayi ya sauka Agege tare da 'yan shanu, tun kafin a fara kwasar samari zuwa yaƙin Bama. Shanun suka wuce mayanka, shi ya maƙale a rumfar goro, ya koyi ɗaurin huhu. Gaskiya ɗaya zan faɗa masa: ya iya. Ya san ganyen da zai shimfiɗa, ya san yawan ruwan da zai yayyafa. Shi da bakinsa yake koya wa mutane cewa goro a nan ba ya bushewa saboda iskar Ikko a jiƙe take, amma da jirgi ya haye gadar Jebba iskar Arewa za ta fara tsotse shi. Wannan ilimi duk ya tsaya a kan goro. Bai taɓa yarda ya shafi ɗan Adam ba.

A ganin Uwaisu zafi kayan gadon Sakkwatawa ne, sauran duniya aro suke yi. Rana tsaka a watan Maris, mu haifaffun Ikko muna zaune daga mu sai singileti muna fifita, shi zai ɓullo cikin taguwa da riga da babbar riga, ga rawani har haɓa. Gumi na ɗiga daga gemunsa, bayan rigarsa sharkaf, ya dube mu cikin tausayi.

"Ku dai ragwaye na," in ji shi. "Wanga ba zahi na ba. Ku taho Sakkwato ku ga inda rana ka dahwa ƙwai bisa ƙasa."

Abin da ya ƙarasa lalata shi wani akawun tasha ne da ya taɓa aiki a Gusau. Wata rana ya nuna masa ma'aunin zafin da ke rataye a ofishinsu, ya ce lallai lambar can ta fi ta nan nesa ba kusa ba. Shi ke nan, Uwaisu ya samu shaidar Turawa. Daga ranar, kowa ya ce wash sai ya aika shi tasha ya je ya tambayi gilashin awon zafi.

Mun yi masa bayani har muka gaji. A can, gumi na fitowa iska ke ɗauke shi, ya tafi da zafin jikinka. A nan iskar ta riga ta ƙoshi da ruwan teku, ba ta da inda za ta sa naka, sai ya zauna maka a jiki kamar man ja. Shi ya sa a garinsu ake shanya riga ta bushe kafin a gama gaisawa, a nan kuwa ka wanke ran Alhamis ka je Juma'a da danshinta. Sai ya matse gefen rawaninsa, ruwa ya zuba, ya ce mu ne dai ba mu da ƙashi.

Ya auri Batulu, 'yar wani tsohon soja daga Ebute Meta, mai tuyar ƙosai, wadda Yarabanci ya fi Hausa saurin zuwa bakinta in ranta ya ɓaci. Ita kaɗai ke iya tanka masa, ita ma ba ta taɓa yin nasara ba.

Ana nan sai labari ya zo mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa, Inno, ta rage ita kaɗai, kuma cikin duk 'ya'yan da ta haifa Uwaisu ne kawai ya rayu. A nan ba zan yi masa ba'a ba. Mutumin nan yana son uwarsa so mai tsanani, ba shi da burin da ya wuce ta ƙarasa kwanakinta a kusa da shi, in ta cika shi ya sa ta a kabari da hannunsa. Ya ce zai gina mata ɗakin da babu irinsa a Zango.

Babu irinsa kuwa. Mu nan muna gini da taga gaba da baya don iska ta ratsa. Uwaisu ya yi irin na gida: bangon ƙasa mai kauri, rufin ƙasa da kwano a bisa saboda ruwan sama, ƙofa ƙarama, sai wata 'yar kafa can sama wadda ko kyanwa sai ta yi azumi kafin ta bi. A Sakkwato wannan dabara ce mai kyau, ka kulle zafi a waje ka kwanta cikin sanyi. A Agege ya zama ka kulle kanka tare da shi.

"Maigida, jowo, don Allah, a fasa taga ko ɗaya," in ji Batulu. "Mutum za a saka a ciki o, ba doya ba."

"Ke mi kinka sani ga gini? Kakanninmu wawaye na?"

"Kakanninka sun zauna Agege?"

Ya ci gaba da yaɓe.

Inno ta iso gab da faɗuwar damina, lokacin da ko kaji baki buɗe suke yawo. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Ta zo da randarta tun daga gida, naɗe cikin tabarmi, an yi ta lallaɓa ta a tarago kamar jaririya, don ɗanta ya aika cewa kada ta baro ta. Shi ne ɗan farinta, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma kai masa kuka. Wannan kunya ta taimaka wa taurin kansa ƙwarai.

Kullum kafin ya tafi rumfa sai ya yi mata hidima irin ta gida. Ya yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, ya jiƙa zane ya rataya a ƙofa, ya ja ƙyaure. A garinsu ruwan nan zai bushe ya bar sanyi. A nan ba inda ya je. Ɗakin ya koma madambaci, tsohuwa a ciki tana turara. Randar ma ta ci amanarsa: ta yi ta tsattsafo a banza, ruwan cikinta ɗumi kamar an ajiye wa mai jego. Takalman Inno suka yi funfuna a ƙarƙashin gado.

Da ya fita, Batulu kan fito da ita gindin mangwaro ta yi mata fifita, ta mayar da ita kafin ya dawo. Duk da haka ƙuraje suka feso mata a wuya da baya, tari ya kama ta, abinci ya daina shiga. Batulu ta yi magiya, ta yi faɗa da harshe biyu. Ni ma na same shi na ce ga diga a gidana, aikin yini ɗaya ne. Ya ce baƙunta ce, za ta saba. Ya san rumfar goro kaf jira take ta ji an ce Basakkwace ya fasa bango saboda zafin Ikko, kuma ya gwammace komai da wannan.

Wata la'asar ina gidan, ya ɗebo ruwa a randa ya durƙusa ya miƙa mata. Ta kurɓa, ta ajiye moɗar a hankali. Ba ta dube shi ba, Batulu ta duba, kamar da ita take.

"A gaya mishi gida nika so. In ankai jirgi a sa ni."

"Inno, mi ankai miki?" in ji Uwaisu.

"Ba a yi min komi ba. Numfashi na ban samu. Can gida rana ta buge ka, ka shiga inuwa ta ƙyale ka. Ta nan har ɗaka taka biyo mutum."

Sai bawan Allah ya kawo mata zancen gilashin tasha. Ya ce Turawa sun auna, zafin nan bai kai na gida ba.

"Shi abin nan da sunka auna da shi," in ji Inno, "yana gumi?"

Batulu ta rufe baki da gefen zane. Ni na dubi ƙasa. Uwaisu ya tashi ya fita.

Aka haɗa ta da Iliyasu, wani dillalin shanu mai komawa Gusau. Har a tasha Uwaisu yana da dama. Kalma ɗaya ce, ya ce Inno zauna, gobe zan fasa taga. Na ga bakinsa ya motsa, na ga ya waiwayi 'yan rumfa da suka zo rakiya. Abin da ya fito shi ne ta gaida mutanen gida. Ya miƙa mata ƙunshin goron da ya ɗaure da kansa, ganye a kan ganye, ya ja wa Iliyasu kunne a riƙa yayyafa masa ruwa, don iskar can ba irin ta nan ba ce. Randar kuwa ta bar wa ɗanta, ta ce ba ta da amfani a hanya.

Damina ta wuce, wata bazarar ta kewayo. Ran nan da hantsi na ji duka a katanga, na leƙa, sai ga Uwaisu da digata, ba rawani, yana sarar bangon kudu. Ya ce tsagewa ya yi, gyara yake. Ni dai ban ga tsaga ba. Gyaran ya ƙare da tagar da jaki zai iya shiga da kayansa, ya ƙara wata a bangon arewa, wai don su yi daidai. Sannan ya ba Iliyasu saƙo ya gaya wa Inno an gyara ɗaki, ta dawo.

Iliyasu ya dawo da shanu, bai dawo da ita ba. Ya tarar an yi sadakar bakwai. Maƙwabta ne suka yi mata sutura.

Uwaisu ya rayu har gemunsa ya yi fari fat, yana ɗaurin huhu har hannunsa ya daina iya jan igiya. Ban sake jin ya aika kowa tasha ba. In baƙo ya sauko daga jirgi yana kukan zafi, sai ya matsa masa wuri a inuwa ya miƙa masa mafici. Shi kuwa ya kwashe kayansa ya koma ɗakin Inno, randar na kusurwa, kullum Batulu na cika ta da ruwan da ba mai sha.

Shekarar da zai rasu na shiga duba shi da azahar. Yana zaune bakin gado cikin 'yar taguwa ɗaya. Iska ta shigo ta tagar kudu, ta kaɗa labule, ta fice ta ɗayar.

"Sa'idu," ya ce, "ashe akwai iska garin ga."

Na ce akwai.

"Da Inno ta zamna."