Tuwon da Ya Dawo Gida

A shekarar farin da sojoji ke raba jar dawa a Matameye, sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanmu. Duk da haka Inna ba ta daina ciyayya ba. Kullum da yamma sai ta cire malmala ɗaya daga ɗan tuwon da bai ishe mu ba, ta aike ni in kai wa ƙawarta, matar wani maɗinki. Ina tafe cikina na kuka, ina jin haushi har in dawo. Mu kuma daga gidan Hajiya maƙwabciyarmu ake aiko mana da kwano.

Marar da Inna ke kwasar tuwo da ita ta ɓalle a baki, don haka takan bar zane a bayan kowace malmala. Wata rana aka buɗe kwanon Hajiya, sai ga zanen nan. Tuwonmu ne. Matar maɗinki ta sake masa kwano ta aika wa Hajiya, Hajiya ta sake masa kwano ta aiko mana, ya yi sanyi, da miyar wani gida.

Na ce, "Inna, ai namu ne."

Ta make mini baki. Ta gutsura ta ci, sannan ta ce wa yarinyar da ta kawo, "Ki gaya wa Hajiya hannunta yana nan yadda na san shi."

Washegari aka sake aike na. Har yau ban gane wa ke ciyar da wa a unguwar nan ba. Marar nan kuwa, Inna ba ta taɓa sake ta ba.